Mayar da tsohuwar akori-kura fo-wil: me ke yiwuwa, me ke cin kuɗi a banza?

Ana iya ɗaukar tsohuwar akori-kura mai ja da tayoyin baya kaɗai a mayar da ita mai ja da ƙafa huɗu, wato fo-wil? Duk shekara, da zarar Agusta ya shigo ruwa ya zauna, tambayar nan kan dawo garejojin Kaduna, daga Panteka zuwa Oriakpata har Kakuri. Masu yin ta ba 'yan gayu ba ne. Masu ɗauko masara ne daga ƙauyukan bayan Saminaka, da masu bin citta a Kachia da Kwoi, da masu kai taki gonakin Giwa da Soba. Wani makaniki zai ce maka aikin sati guda ne, a sayo giyar ogzilari, mai kai ƙarfi tayoyin gaba, a ɗaura, shi ke nan. Wani kuma ya ce ko kusa ba ya yiwuwa. Aikin yana yiwuwa, amma ba giya ɗaya ake saya ba, kusan rabin wata motar ake cirowa a dasa a ƙarƙashin taka.

Abin da ya taso da maganar

A da, wanda ke buƙatar fo-wil sai ya sayar da tasa ya yi ciko ya sayi wata. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin fetur, aka kuma saki naira a watan da ya biyo, cikon nan ya zama abin da mai ƙaramin ƙarfi ba ya iya haɗawa. Motar Beljiyam da dala ake sayo ta, kuɗin kwastan ma da farashin dala ake lissafa shi. Sai mutum ya dubi tsohuwar Hilux ɗinsa, injin 22R lafiya ƙalau, bodi bai ruɓe ba, ya ce me zai hana in ƙara mata abin da ta rasa?

Wani ɗan'uwana mai harkar hatsi yana cikin masu wannan tunani. Na taɓa bin sa ɗaukar masara wata damina, muka kafe a wani ɗan kwari da bai fi taku ashirin ba. Motar ba ta nutse ba, ba ta kuma zauna a kan cikinta ba. Tayar baya ta dama ce kawai ta faɗa laka tana ta wulwulawa tana watsa mana caɓi, ta hagu kuwa tana kan busasshiyar ƙasa, ko motsi ba ta yi. Sai da matasan ƙauyen suka saro ganye aka cusa, aka tura, aka sallame su. A hanyar dawowa ba abin da yake faɗi sai fo-wil.

Fo-wil ɗin ma mene ne?

A akori-kura ta yau da kullum, ƙarfin injin yana bi ta kuloci ya shiga giyabos, ya fita ta farfela, wato doguwar sandar da ke juyi a ƙarƙashin mota, ya isa aksul ɗin baya. Tayoyin gaba aikinsu biyu ne: ɗaukar nauyi da bin sitiyari. A fo-wil, an ƙara wani akwati a bayan giyabos, shi ne taransifa, wanda direbobinmu ke kira ogzilari. Shi ke raba ƙarfin gida biyu, farfela ɗaya ta nufi baya, wata gajeriya ta nufi gaba, inda ake da wani aksul ɗin mai nasa tulun.

Ƙaramar sandar da ke gefen giya tana da matsayi uku da ake aiki da su. H2 baya kaɗai ke ja. H4 ƙafa huɗu da gudu na yau da kullum. L4 kuwa ƙafa huɗu ne tare da rage gudu fiye da ninki biyu, ƙarfin juya taya ya ƙaru daidai gwargwadon haka. A tsofaffin Toyota ragin nan 2.28 ne, a waɗanda suka biyo baya masu sarƙa kusan 2.57. Shi ya sa mota ke hawa tudu da lodi a L4 kamar tana tafiyar ƙasa, ba tare da an ƙona kuloci ba. A tsofaffin motoci akwai kuma makulli a cibiyar tayoyin gaba, an rubuta Free da Lock, sai direba ya sauko ya murɗa da hannu.

Akwai abin da mutane da yawa ba su gane ba game da tulun da ke tsakiyar aksul, wato difaranshal. An yi shi ne don ya bar taya ɗaya ta fi ɗaya gudu a kwana. Illarsa ita ce, idan taya ɗaya ta rasa abin kamawa, ɗayar ma ba ta samun ƙarfin kirki. Abin da ya same mu a kwarin nan ke nan. Fo-wil ma ba ta tsira daga wannan ba: idan ta gaba ɗaya da ta baya ɗaya suka faɗa santsi a lokaci guda, haka za ta tsaya tana ihu. Ta dai fi wuyar kafewa ne. Kuma ba ta ƙara wa mota burki, ba ta ƙara mata yawan buhun da za ta ɗauka.

Shasi ne ke yanke hukunci

Kafin a tambayi kuɗin kaya, a leƙa ƙarƙashin motar. Toyota ta fara Hilux a 1968, ba ta fito da mai fo-wil ba sai 1979, kuma tun daga lokacin motocin biyu kamarsu ɗaya ce a sama, a ƙasa kuwa kowacce da ƙirarta. Alamar da ko yaron gareji zai duba ita ce notin taya. Ƙaramar mai jan baya noti biyar gare ta, fo-wil shida. A mai noti biyar, aksul ɗin baya yana zaune a saman sifirin, shi ya sa take ƙasa-ƙasa. A fo-wil sifirin ne ke kan aksul. Gaban shasin ma ba ɗaya ba ne: babu wurin rataya tulun gaba, babu sararin da farfela za ta wuce, kwanon man injin yana zaune daidai inda aksul zai so zama.

Don haka motocin da ake kawowa gareji da wannan buƙata kashi biyu ne, kuma nisan da ke tsakaninsu ya fi yadda ake zato.

Kashi na farko su ne dogaye masu noti shida waɗanda kamfani ya yi su da tsayin fo-wil amma bai sa musu jan gaba ba. Ana samun irinsu a samfurin da ya fito daga 2005 zuwa sama. Shasinsu kusan ɗaya ne da na fo-wil, saboda haka yawancin aikin kwancewa ne da ɗaurewa, walda kaɗan ce. A nan makanikin da ya ce aikin bai da wuya bai yi nisa da gaskiya ba. Sai dai a kula, samfurin 2015 zuwa sama da maɓalli yake shiga fo-wil ba da sanda ba, ke nan wayoyi da birenbos, wato kwamfutar motar, sun shigo lissafi.

Kashi na biyu, wanda shi ne mafi yawan abin da ke hannun manoma da 'yan kasuwar hatsi, ƙananan ne masu noti biyar na shekarun 1980 da 1990. Su sai an yanke duk ƙafar gaba, a goge wurin, a yi waldar sababbin maratayan sifirin, a kawo aksul mai sanda ɗaya a rataya. Irin wannan aksul yana nan a kasuwa, domin ko da Toyota ta daina sa shi a motocin da take kaiwa Amurka tun tsakiyar shekarun 1980, ta ci gaba da sa shi a na wasu ƙasashe har cikin shekarun 1990. Ƙarfe ne mai jure wahala, gyaransa ba wuya. Amma dasa shi a shasin da ba nasa ba aikin awo ne, ba aikin ido ba. Marataya ɗaya ta gusa da faɗin yatsa, motar za ta riƙa tafiya a karkace kamar ƙaguwa tana cin taya. Aksul ya kwanta gaba ko baya fiye da kima, sitiyari zai riƙa kakkarwa da zarar an hau babban titi.

Mutanen Kaduna sun san irin wannan aiki ko da ba su lura ba. Peugeot 504, Fijo a bakinmu, wadda masana'antar Kakuri da ta fara aiki a 1975 ta cika ƙasar nan da ita, mai jan baya ce. Wani kamfani a Faransa mai suna Dangel ya riƙa mayar da 504, har da akori-kurarta, fo-wil tun 1980. To amma kamfani ne guda da injiniyoyinsa da kayan da aka ƙera musamman don wannan. Hujja ce cewa ana yi, hujja ce kuma cewa ba aikin yamma ɗaya ba ne.

Kayan da aikin ke ci

Giyabos ɗin mai jan baya yana ƙarewa da doguwar wutsiya inda farfela ke shiga. Taransifa ba ya ɗauruwa a wurin. Ko dai a sayo giyabos na fo-wil tare da taransifansa a haɗe, wanda shi ya fi, ko a warware naka a canza sandar fita da gidanta na baya. Daga nan farfelar baya ta yi tsawo, sai an samo gajeriya ko a yanke a sake daidaita ta, in ba haka ba motar za ta riƙa rawa a gudu. Ƙarfen da ke tallafe giyabos ya canza wuri. A huda ƙasan bodi don ƙaramar sanda. Wayar sifido, wato agogon gudu, a fo-wil daga taransifa take fitowa. Salansa na iya tare hanyar farfelar gaba. Sai kwanon mai da bututun da ke zuƙo man a cikinsa, sai akwatin sitiyari da hannuwansa, sai shokozoba, sai tiyon burki masu tsawo, sai tukunyar burki da ta dace da manyan burkin gaba. Tunda gaba ya koma noti shida kuma ya ɗaga, baya ma dole ya bi, wato wani aksul ɗin, da wili biyar har da na safaya.

A sitiyari akwai tarko. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocinmu sitiyarinsu a hagu yake. Kayan gyara da yawa kuwa daga motocin Japan da Ingila da Tailan ake ciro su, masu sitiyari a dama. Akwatin sitiyarinsu da hannunsa a juye suke. Akwai masu lanƙwasa hannun sitiyari da wuta ko su yanke su yi masa walda don ya shiga. Ni dai ban ga abin da zai sa in hau motar da aka yi wa haka in bi hanyar Zariya da ita ba.

Wannan jerin ne ya sa duk wanda ya san aikin ke cewa kada a sayi kayan ɗai-ɗai. A nemo mota guda ta fo-wil, samfuri ɗaya da taka, wadda ta mutu, a kwashe komai daga jikinta har noti da wosha. Wadda ta kife bodinta ya lotse ta fi wadda ta yi karo da gaba, don ta biyun aksul ɗinta da wuya bai lanƙwashe ba. Wanda ya ce zai tsinto giyabos a Panteka, aksul a Ƙofar Ruwa a Kano, farfela a aiko masa daga Ladipo a Legas, motarsa za ta yi watanni a kan duwatsu ana jiran ƙaramin ƙarfen da ba wanda ya tuna da shi.

Lissafin haƙora

Nan ne aiki ya fi lalacewa, kuma nan ne aka fi yin sakaci, don idan aka gama ɗaurawa ba abin da ido zai nuna.

A cikin kowane tulu akwai babban faifai mai haƙora da ƙaramin da ke juya shi. Raba haƙoran babban da na ƙaramin shi ke ba da lissafin aksul. Haƙora 41 da 10 suna ba da 4.10. Haƙora 43 da 10, 4.30. Haƙora 41 da 9, 4.56. Haƙora 39 da 8, 4.88. Duk waɗannan akwai su a Hilux, ya danganta da injin da ƙasar da aka yi wa motar, kuma daga waje tulunsu kama ɗaya.

Taransifan akori-kura irin wanda muke magana a kai ba shi da abin da zai sasanta gaba da baya. Da an shiga H4, farfelolin biyu sun zama kamar sanda ɗaya. To a ce gaba 4.10 ne, baya 4.56. Duk mita 100 da tayoyin baya suka yi, na gaba suna son yin kusan 111. Mota ɗaya ce, ba za ta rabu biyu ba. A laka tayoyi za su zame su saki wannan matsin, mai mota ya yi ta murna aiki ya yi kyau. Ranar da ya hau ƙasa mai tauri bai fitar da giyar ba, ƙarfe ne zai biya: ko sarƙar taransifa, ko haƙoran tulu, ko gaɓar shaf ɗin gaba.

Da ɗan'uwan nan nawa ya samo wani aksul ya kira wani dattijon makaniki ya duba, na ga yadda ake ganewa ba sai an buɗe ba. Ya sa jak ya ɗaga tayar baya ɗaya ta motar, ɗayar tana ƙasa, giya a firi. Ya ɗauki alli ya ja layi a jikin tayar, ya ja wani a jikin farfela. Ya sa yaronsa ya juya tayar zagaye biyu cif, shi kuma yana kwance yana ƙirga farfela da yatsa. Huɗu da ɗan ɗoriya. Suka koma kan aksul ɗin da aka kawo, aka danne gefe ɗaya aka yi haka. Huɗu da rabi. Ya miƙe yana kaɗe riga ya ce, "Alhaji, waɗannan ba za su zauna gida ɗaya ba." Akwai lambar aksul a ƙaramin farantin da kamfani ke mannawa a jikin mota, amma motar da ta shekara talatin a hannu biyar, wa ya san sau nawa aka canza mata tulu? Alli ya fi farantin gaskiya.

Dalili ɗaya ne ya sa tayoyi huɗun dole su zama girma ɗaya, kuma ko a motar da kamfani ya yi ba a tafiya a H4 a kan busasshiyar kwalta. A kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin nisa.

Masu cewa a yi, da masu cewa a bari

Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi: ka san motarka. Ka san injinta, ka san ba ta shan mai, ka san takardunta. Fo-wil ɗin da za ka saya a hannu na uku ba ka san wahalar da ta sha ba, tunda ba a sayen irinta don zuwa ɗaurin aure. Suna kuma cewa aikin hannu a Kaduna bai kai tsadar kaya ba, kuma Panteka na da masu walda da masu injin sassaƙa ƙarfe da ba abin da ba za su ƙera ba. Wannan gaskiya ne.

Masu adawa lissafi suke yi. Idan za ka sayi matacciyar fo-wil guda don ka kwashe kayanta, me zai hana ka tashi ita, ka ɗora mata injinka mai lafiya? Sannan ranar sayarwa, dillali zai leƙa ƙasa ya ga walda a shasi, ya kira ta haɗe-haɗe, ya yi mata kuɗi ƙasa da na asali. Ga nauyin da aka ƙara, wanda ya haura buhun masara, da ƙarin ƙarafa masu juyi, duk fetur suke ci, wata goma sha biyu, saboda buƙatar wata uku. Ga motar ta ƙara tsayi, idan aka yi mata lodin da muka saba har sama da kan direba, kifewa ta fi kusa.

A ganina, ga mai doguwa mai noti shida da ya samu motar da zai kwashe, aikin yana da ma'ana. Ga mai ƙarama mai noti biyar, sau da yawa gyaran gangar Auzinawa ne: a shiga da mota mai tafiya, a fito da wadda ba ta ga tsuntsu ba ta ga tarko.

Kafin a kunna wutar walda

Yawancin kafewar da nake gani a hanyoyin gona ba rashin fo-wil ba ne, taya ce. Mota na yawo da tayoyin baya da suka suɗe kamar tafin hannu, an kuma cika su da iska tam saboda lodi. Taya biyu masu manyan haƙora a baya suna canza halin mota a laka fiye da yadda mutum zai yarda kafin ya gani. Rage iska kaɗan a yashi ko taɓo yana shimfiɗa tayar, muddin akwai famfon mayarwa kafin a hau kwalta. Akori-kura fanko bayanta ba nauyi, shi ya sa ta fi kafewa a hanyar zuwa fiye da ta dawowa. Buhu biyu na yashi a kan aksul suna maganin wannan. Akwai kuma tulu mai kulle, ko mai rage zamewa, wanda ke tilasta tayoyin baya biyu su ja tare. Da a ce muna da shi a kwarin nan, tayar hagu da ke kan busasshiyar ƙasa ita kaɗai ta isa ta fitar da mu. Ɗan'uwan nawa dai a ƙarshe taya ya saya, da shebur da igiya mai kauri, aksul ɗin ya mayar wa mai shi.

Takardu

Akwai wata hanyar da wasu ke bi don guje wa yanka da walda: a ɗage bodin motarka gaba ɗaya a ɗora shi a kan shasin fo-wil. Ta fuskar ƙarfe ita ce mafi tsabta, don komai na ƙasa na kamfani ne. Ta fuskar takarda kuwa ita ce mafi haɗari. Lambar da ake gane mota da ita a jikin shasi take a buge. Takardar kwastan da ta rajista da ta inshora duk ita suke ɗauke da ita. Ka ɗora bodinka a kan wani shasin, lambar da ke takardarka tana can a jikin ƙarfen da ka bari a gareji, kai kuma kana yawo da ta wata motar. Jami'in duba motoci ko ɗan KASTLEA, hukumar kula da dokar hanya ta Kaduna, ko ɗan sanda da ya duƙa ya goge laka ya karanta, ba zai saurari labarin damina ba. Idan kuma shasin na motar sata ne da aka yi gunduwa-gunduwa da ita, a hannunka za a same shi.

Saboda haka matacciyar mota ma da takardunta ake sayen ta: na kwastan, na mallaka, da yarjejeniyar ciniki mai shaidu, ko takardar gwanjo idan daga wata ma'aikata ta fito. Manyan kaya irin giyabos da aksul a karɓi rasiti mai sunan shago. Idan shasi ko injin ya canza, a je ofishin lasisi da na masu duba motoci a gyara bayanan kafin motar ta fara aiki, a kuma gaya wa kamfanin inshora. Tsohon shasin mai lambarka kada a bar shi ga 'yan jari-bola haka kawai, don wani na iya ɗora masa bodi ya ci gaba da yawo da sunanka.